Ciwon gwiwa da baya: kowa na kuka da shi, amma bai shiga lissafin hukuma ba

Da wuya ka shiga gida a Yamai, a Bukoki ne ko Talladje ko Harobanda, ka rasa mai kukan gwiwa ko baya. Akwai tsohuwar da ta koma yin salla a zaune, akwai ɗan dakon Katako da ke ɗaure ƙugu da ƙyalle kafin ya ɗaga buhu, akwai kuma ma'aikacin biro da ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa tebur. Amma idan aka zo maganar manyan tsare-tsaren kiwon lafiya na ƙasa, abin da ake ji shi ne zazzaɓin cizon sauro, tamowa, sanƙarau, ƙyanda da mutuwar mata wajen haihuwa. Ba mai jayayya da muhimmancin waɗannan, domin su ne ke kashewa. Ciwon gaɓoɓi kuwa ba kasafai yake kai mutum kushewa ba. Yana dai zaunar da shi ne, ya raba shi da gona ko kasuwa, ya mayar da mai ciyar da gida abin ciyarwa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne ke fama da cututtukan ƙashi, gaɓoɓi da tsoka a duniya, kuma su ne kan gaba wajen naƙasa mutane. Ciwon baya kaɗai ya kama mutum miliyan 619 a shekarar 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, inda mafi yawan ƙarin zai fito daga Afirka da Asiya. To a Nijar fa, nawa ne? Amsar wannan tambaya ita ce tushen matsalar.

Sanyin ƙashi ba ciwo ɗaya ba ne

Mu a Hausa duk mun tattara su cikin kwando guda: sanyin ƙashi, amosani, ko "rimatis" a bakin ƴan boko. Likitoci kuwa sun rarrabe su. Akwai zaizayewar guringuntsin gaɓa, wadda ta fi kama gwiwa, kuma tsufa, ƙiba da tsohon rauni ne ke kawo ta. Akwai amosanin da garkuwar jiki ce da kanta ke far wa gaɓoɓi, ya kumbura yatsu da wuyan hannu, mutum ya wayi gari a sandare. Kusan bakwai cikin goma na masu shi mata ne. Akwai ciwon gut da ke tashi cikin dare a babban yatsan ƙafa. Sannan akwai waɗanda suka fi damun ƙasashe irin namu: tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya bar ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu, mutuwar kan ƙashin cinya ga masu amosanin jini, wato emasi, da karayar da aka ɗora ba daidai ba.

Wannan rarrabewa tana da amfani ga mai mulki kamar yadda take da shi ga likita. Kowane ɗaya maganinsa daban, kuɗinsa daban, matakin asibitin da zai iya kula da shi ma daban. Gwamnatin da ba ta san wanne ya fi yawa ba, ba za ta san ko ma'aikatan motsa gaɓoɓi take buƙata ba, waɗanda muke ce wa kine, ko na'urar hoton ƙashi, ko kuma wani magani da babu shi a farmasi.

Yadda alƙaluma ke ɓacewa a hanya

Alƙaluman ma'aikatar kiwon lafiya daga rajista suke farawa. Majo a CSI yana rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo shi, a tattara a ƙarshen wata a aika gunduma, gunduma ta aika jaha, har ya iso Yamai. Wanda bai zo ba, babu shi a lissafi. Mai ciwon gwiwa kuwa ya fi zuwa wurin mai tallar magani a bakin hanya, ko mai sassaƙe, ko wanzami a yi masa ƙaho. Idan ma ya je CSI, ana iya rubuta "ciwon jiki" a ba shi ƙwayar rage zafi, ko a lissafa shi cikin masu zazzaɓi. Haka ciwon da ke cikin kowane gida yake isa teburin minista a matsayin ɗan ƙaramin layi.

Akwai bincike a ƙasar, kada a ce babu. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni suna rubuta kundin kammala karatu a kan marasa lafiyar da suka gani a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, da Babban Asibitin Referans. Aiki ne mai daraja. Sai dai yana ba da labarin waɗanda suka iya kaiwa Yamai ne kawai, masu kuɗin mota da na awo, ko waɗanda ciwon ya ci ƙarfinsu. Matar ƙauyen Filinge da ta shekara arba'in tana daka da ɗaukar ruwa a ka ba ta cikin wannan kundi. Kuma kundin da kansa sau da yawa a kan kanta yake ƙarewa, ƙura ta lulluɓe shi.

Hatta babban binciken STEPS, wanda Nijar ta gudanar a 2007 ta sake a 2021 don auna cututtukan da ba a ɗauka daga wani, ya fi mayar da hankali ne kan hawan jini, sukari, taba, ƙiba da abinci. Ainihin tambayoyinsa ba su shafi gwiwa da baya ba. Alhali akwai hanyar da aka tanada musamman don wannan. Tun 1981 OMS da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta duniya suka ƙirƙiro tsarin COPCORD: a zaɓi gari ko unguwa, a bi gida-gida ana tambayar inda ke ciwo da abin da ciwon ya hana mutum yi, sannan likita ya duba waɗanda suka amsa. An yi shi a Filifin da Indiya, an yi shi a Jos ta Nijeriya. Ba ya buƙatar wata babbar na'ura, takarda ce da ƙafa da haƙuri. A ganina, da za a yi irinsa a unguwa biyu na Yamai da ƙauyuka kaɗan a jahohin Maraɗi da Tawa, da an sami abin riƙewa a hannu fiye da ƙiyasin da ake yi mana da kwamfuta daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya faru a Tibiri

Wanda ke ganin maganar bincike ta ƴan boko ce kawai, ya tuna da Tibirin Gobir, kilomita kaɗan daga Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari ba launi, mutane suka yi murna. Bayan wasu shekaru sai aka fara ganin haƙoran yara suna rinewa, ƙafafunsu suna gwamewa ko su bauɗe, wasu kai ya yi girma, wasu ƙashi na karyewa da ƙaramin tuntuɓe. Kowa da fassararsa: wasu suka ce iska ce, wasu suka ce gado, wasu suka ce rashin abinci.

Sai da aka kai ruwan ɗakin awo a ƙarshen shekarun 1990 gaskiya ta fito. Sinadarin fulorid da ke cikinsa ya ninka iyakar da OMS ta gindaya, wato miligiram 1.5 a kowace lita, fiye da sau uku. Kaɗan daga wannan sinadari yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa yana taruwa a ƙashin yaro mai girma ya lalata shi. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa suka naƙasa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, tare da takwararta ta duniya FIDH suka fitar da rahoto a kan lamarin, wanda ya kai sunan Tibiri har ƙasashen waje. An sauya wa garin ruwa, amma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an rufe famfo. Yaran wancan lokaci yanzu magidanta ne da iyayen ƴaƴa.

Abu biyu ne wannan labari ke nunawa ga mai tsara manufa. Na farko, ilimin ba sabo ba ne: duniya ta san illar fulorid ga ƙashi tun shekarun 1930, kuma awon ruwan bai kai kuɗin haƙa rijiyar ba ko kusa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai haɗa abin da aka sani da abin da ake aikatawa. Na biyu, maganin wannan ciwon ƙashi ba a ma'aikatar lafiya yake ba, yana hannun masu kula da ruwa. Yau da masu zaman kansu ke ta haƙa foraj a sabbin unguwannin Yamai da sauran birane suna sayar da ruwa, tambayar ko an auna ruwan kafin a sha ba ta tsufa ba.

Nijar ta san hanyar

Abin mamaki, ƙasarmu tana cikin waɗanda ake ba da misali da su wajen mayar da bincike ya zama aiki. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi a lokacin damina, bisa gwaje-gwajen da aka yi a yankin Sahel. A 2013 aka fara a wasu gundumomin Nijar, yanzu kuwa kowace uwa ta san masu zuwa ƙofar gida da damina. Gwajin MORDOR, wanda aka yi ɓangarensa na Nijar a jahar Doso aka wallafa a 2018, ya nuna cewa raba wa yara ƙanana maganin azitromisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin ɗari a nan, kuma a 2020 OMS ta fitar da jagora a kai. Nijar na kuma cikin ƙasashen Afirka na farko da suka shiga EVIPNet a 2006, wani zaure da OMS ta kafa domin masu bincike su riƙa taƙaita abin da suka gano cikin ƴan shafuka, su zauna da masu yanke shawara su tattauna.

Akwai kuma bincike irin mai ɗaci. Bayan da gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2005 da 2006, masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun shiga asibitoci suna kallon yadda abin ke gudana. Sun nuna cewa iyaye sun ƙara kawo yara, amma jinkirin da baitulmali ke yi wajen biyan asibitoci kuɗinsu ya sa magani ke yankewa, har "kyauta" ta koma takardar magani a hannu. Irin wannan aiki ne ke nuna tazarar da ke tsakanin dokar da aka sa wa hannu da abin da maras lafiya ke tararwa.

Me ya sa zazzaɓi ya samu wannan gata, gwiwa ba ta samu ba? Domin can magani ɗaya ne, ana iya ƙirga wanda ya sha, ana iya ƙirga wanda ya rayu, kuma akwai masu ba da tallafi da ke jiran sakamako da kuɗi a hannu. Ciwon baya ba shi da asusun duniya. Idan har za a yi masa wani abu, daga aljihun ƙasa zai fito, shi ya sa dole a san inda kowace dala za ta fi amfani.

Abin da aka riga aka sani

Wasu abubuwan ba sa jiran sabon bincike. A watan Disamba na 2023 OMS ta fitar da jagorarta ta farko a kan ciwon baya mai daɗewa wanda ba wata cuta ce ta haddasa shi ba. Ta ba da shawarar a wayar wa mutum kai game da ciwonsa, a sa shi motsa jiki bisa tsari, a yi tausa, a kuma yi amfani da magungunan rage kumburi idan ya kama. Ta hana ɗaura bel na ƙugu, da jan ƙashin baya da na'ura, da magunguna dangin ofiyom. Ka dubi abin da ake yi a garinmu, kusan akasin haka ne: a kwanta, a ɗaure ƙugu, a sha ƙwaya. Tramol, wanda ya zame wa matasanmu annoba, yana cikin wannan dangi da aka hana, kuma da yawa daga masu shan sa da ciwon jiki bayan aikin ƙarfi suka fara.

Sauran ƙwayoyin bakin hanya ma ba kanwar lasa ba ne. Diklofenak da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha ba ƙa'ida, suna huda ciki su gajiyar da ƙoda, balle a ƙasa mai zafi irin tamu inda jiki ke yawan rasa ruwa, ga kuma hawan jini da mutane da yawa ke yawo da shi ba su sani ba. Deksametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba wasu kuma don amosani, yana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake son sa. Amma yana rarake ƙashi, yana tayar da sukari, yana iya kashe kan ƙashin cinya. Gwamnatin da ta bar mai ciwon gwiwa a hannun mai tire tana iya sake haɗuwa da shi bayan shekara goma a layin wankin ƙoda, inda kuɗin ya ninka ba adadi.

Amosanin garkuwar jiki kuwa yana da magani mai arha, metotreksat, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Idan aka fara shi cikin watannin farko yana iya hana yatsu karkacewa. Sai dai sau ɗaya ake shan sa a mako, wanda ya sha kullum zai iya halaka, yana buƙatar awon jini lokaci-lokaci, kuma haramun ne ga mai ciki. A ƙasar da mata ke yawan haihuwa, kuma su ne ciwon ya fi kamawa, ba a kwafo jagorar Faransa a liƙa a bango a ce an gama. Dole a zauna a tsara wa zai fara ba da maganin, wa zai bibiya a gunduma, da yadda za a haɗa shi da tsarin tazarar haihuwa. Likitocin gaɓoɓi ƴan ƙalilan ne a ƙasar, kuma a manyan birane suke.

Misali mafi daɗin faɗi shi ne na jariran da ake haifa da ƙafa a murɗe. Da, babbar tiyata ake yi musu, ko a bar su su girma suna taka gefen ƙafa. Wani likita mai suna Ignacio Ponseti a jami'ar Iowa ta Amurka ya nuna tun shekarun 1960 cewa ana iya miƙe ƙafar da hannu a hankali, a ɗaure da filasta ana sauyawa kowane mako har sau biyar zuwa takwas, a ɗan yanka jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa sa takalmi na musamman da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Sai da aka yi kusan shekara talatin kafin likitocin duniya su karɓi hanyar tasa. Yau an san tana warkar da fiye da tara cikin goma idan an fara da wuri, kuma ma'aikacin lafiyar da aka horar yana iya yin mafi yawan aikin. A Yamai, asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 yana kula da irin waɗannan yara. Abin da ya rage shi ne ungozomar ƙauye ta san cewa ƙafar na gyaruwa, ta tura uwa tun cikin makonnin farko.

Tambayoyin da sai mu ne za mu amsa

Akwai kuma abubuwan da ba wani Bature da zai bincika mana. Babba a ciki shi ne maɗora. Da yawaitar babura da kabu-kabu, karaya ta zama ruwan dare, kuma mutane da yawa sun fi yarda da mai ɗori, wasu har su ɗauke maras lafiya daga gadon asibiti su kai masa. Likitocin ƙashi suna ganin ƙarshen abin: hannun yaro da aka matse da karare har jini ya daina gudana ya ruɓe, sai yankewa. Amma su likitoci waɗanda suka lalace kaɗai suke gani, ba sa ganin waɗanda suka warke. Hana ɗori da doka ba zai yi aiki ba, kowa ya san haka. Abin da hukuma ke buƙatar sani shi ne wace irin karaya ce ke lalacewa a hannunsu, me ke korar mutane daga asibiti, kuɗi ne ko tsoron a yanke ƙafa ko jiran layi, da kuma ko koya wa maɗora alamun haɗari zai sa su riƙa tura mutane da wuri.

Haka ma tarin fukan ƙashin baya. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, amma sai an gano shi, kuma majon da ya ga ciwon baya hamsin a wata yana buƙatar ƴar takarda mai sauƙi da za ta tuna masa cewa rama, zazzaɓin dare da raunin ƙafafu ba gajiyar noma ba ce. Masu binciken dabbobi sun kuma gano cutar burusela a garkunan shanun da ke kewayen Yamai, cutar da ke sa shanu ɓari, ta kama mutum ta ɗanyen nono, ta bar shi da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓoɓi. Ga masu emasi, Cibiyar Ƙasa ta kula da su tana Yamai, amma saurayin da kwankwasonsa ya lalace yana buƙatar a sa masa gaɓar ƙarfe, aikin da ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai.

Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi. Mataki ne da talaka ya ji a jikinsa, kuma dama ce ga masu bincike: rajistocin kafin ranar da na bayanta suna nan. Ana iya dubawa a ga ko masu karaya sun ƙara tsayawa a yi musu aiki a asibiti, ko zaman kine ya ƙaru, ko kuwa kuɗin ƙarfen da ake sa wa ƙashi da na magani, waɗanda sau da yawa a waje ake sayo su, sun cinye ragin. Ɗalibi ɗaya na jami'a da izinin shiga ɗakin ajiyar takardu zai iya fara wannan lissafi a asibitin Lamorde ko na Damagaram.